Wanda Ya Ce A Cire Waya

Ranar da manyan lauyoyi za su zo daga Abuja, an yi wa ofishin lauyoyin gwamnati da ke Lafia sharar da bai taɓa gani ba tun da aka ƙirƙiri jihar. An kwashe tulin fayil daga baranda, an aro janareta, har fankar ɗakin taro da ta daɗe da mutuwa sai ga ta tana juyawa. Barista Afra'u ta tsaya tana kallo, takaici kamar ya shaƙe ta. Ashe ana iyawa. Baƙo kawai ake jira.

Ita ce ƙarama a ofishin, ita ce kuma aka fi shakkar bakinta. Dokar ƙasa da ƙasa ta karanta, ta dawo gida da zumuɗin aiki, aka zaunar da ita a kan shari'un shago da kuɗin haya. Shugabansu, Darakta Ɗanmusa, mutum ne da in ka kai masa maganar gobara sai ya naɗe jaridarsa a nitse ya ce a bi a hankali. Wannan "a bi a hankali" ta fi komai ƙona wa Afra'u rai. Da ita ake kashe asibiti, da ita ake kashe makaranta, da ita kuma aka danne fayil ɗin Kamfanin Rogo a cikin kabad har ƙura ta rufe shi.

Kamfanin Rogo sunan da mutanen gari suka sa wa wani kamfanin Turawa ne. Wasu manya sun zauna a ofis mai sanyi, suka buɗe taswira, suka zana masa makeken fili a kudu da Agyaragu don ya noma rogo ya yi sitaci. Ba wanda ya taka ƙafa ya je ya ga ko akwai mutane a wurin. A lokacin kuwa manoman Tibi na yankin sun gudu tsallaken Binuwai saboda rikicin shekarar dubu biyu da ɗaya, don haka taswira ba ta yi ƙarya ba, wurin fayau yake. Da ƙura ta lafa suka dawo, sai suka tarar da wayar shinge ta zagaye gonakinsu. Wata safiya aka tumɓuke wayar, aka cinna wa tarakta da ɗakin ajiya wuta. Maigadin kamfanin, wani saurayi ɗan Arikya mai suna Muhyiddin, yana cikin ɗakin. Bai fito ba.

Kamfanin ya tattara ya bar ƙasar, ya kai ƙarar Najeriya gaban kotun sasanci ta alƙalai uku da ke zama a Turai, irin wadda ke raba gardama tsakanin ƙasa da baƙon da ya zuba jari a cikinta. Shari'ar duka a kan tambaya ɗaya ta rataya. In talakawa ne suka fusata don kansu, laifin ƙasa kaɗan ne. In kuwa hannun gwamnati ne ya tura su, to ƙasa ce ta ƙona dukiyar baƙonta, kuma za ta biya diyyar da jihar ba za ta farfaɗo daga gare ta ba da wuri.

Barista Aloysius shi ne jagoran tawagar Abuja. Dogo ne mai furfura, ya sha tsayawa gaban irin wannan kotu, ba ya kuma jin Hausa ko ta cefane. Aka cika ɗakin taro, lauyoyi a gaba, sakatarori da masu buga tafireta a baya, masinja na zagayawa da lemo. Aloysius ya sa aka kunna kaset ɗin bidiyon da kamfanin ya dogara da shi. An ɗauke shi ne a caji ofis washegarin gobarar. Wani manomi mai suna Ortese na zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure, yana magana da Hausar kasuwa:

"Shi ya zo da safe, ya tsaya bakin waya. Shi ya ce mu cire. Mu ba mu iya ƙi maganarshi ba."

Aloysius ya yi bayani da Turanci cewa wani malamin Hausa, Bakano mazaunin Landan, ya fassara wa kotu maganar, ya kuma rantse cewa namiji ake nufi, namiji mai faɗa a ji. A wannan safiyar kuwa wani jami'in filaye na gwamnati ya je wurin da motar ofis, an gan shi tsaye a bakin shingen. Jami'in ya musa, amma wa zai yarda da shi? Aloysius ya ce ya zo ne ya ji ko mutanen Lafia na da abin da za su taimaka da shi.

Ɗakin ya yi tsit. Darakta Ɗanmusa ya zuba wa tebur ido. Manyan lauyoyi kowa ya shiga juya biro. Afra'u ta dube su ɗaya bayan ɗaya, jininta na tafasa. A gaban kasuwar Lafia ta girma, a rumfar mahaifiyarta mai sayar da manja, tsakanin matan Tibi da Eggon da Migili. Tun kafin Ortese ya rufe baki a bidiyon ta ji inda malamin Landan ya yi tuntuɓe. Ta jira wani babba ya faɗa. Ba wanda ya motsa.

Ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. Ta ce wannan fassara shirme ce. Hausar Kano daban, Hausar Lafia daban. A nan mutum zai ce "matata shi ya haihu" ba wanda zai ɗaga kai. Batibe irin Ortese ba ya raba shi da ita. Wannan "shi" na iya zama kowa, har mace. Ta ƙara da cewa abin kunya ne a ce fayil ya yi wannan daɗewa a ofishin nan, cike da haifaffun garin, ba wanda ya buɗe baki.

Aloysius ya cire tabarau ya dube ta kamar yau ya fara ganin mutum a ɗakin. Ya sa ta maimaita. Ta maimaita, har da misalai, mai buga tafireta na rubutawa. Ya ce in har za ta samo masa wanda ake nufi, ba jami'in ba, to ta shirya fasfo, da ita za a tafi Turai, ita za ta yi wa shaidar tambayoyi da bakinta.

Da za a tashi ta saci kallon Darakta, tana son ganin kunya a fuskarsa. Ba kunya ta gani ba. Wani abu ta gani da ba ta gane ba a lokacin, irin kallon da ake yi wa yaron da ke wasa da ashana kusa da jarkar fetur.

Washegari ta hau motar haya zuwa Agyaragu, daga nan ɗan acaba ya bi da ita ta cikin kunyoyin doya har ƙauyen su Ortese. Duk hanya tana tsara yadda za ta tsaya gaban alƙalan nan uku. Sai da ta shiga gidan sannan tunanin ya fara barin ta. Rabin ɗakunan sabon jinka ne a kan tsohon bango, bangon kuwa har yanzu baƙi ƙirin yake da tabon wutar rikicin baya. Yara suka daina wasa da ganin baƙuwa mai lulluɓi da jakar takardu. Wata yarinya ta suri ƙaninta ta yi bayan gida da gudu.

Ortese ya fito yana goge hannu a wando. Ya kawo mata kujera ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya ba ta haƙuri cewa matarsa Dooshima ba ta nan, "shi ya tafi kasuwa, da ya dafa miki abu." Afra'u ta yi murmushi, zuciyarta fes, ga hujja tun ba a fara ba. A gefen rumfar wata tsohuwa na zaune a kan tabarma tana ɓare agushi, siririya, kanta fari fat. Ortese ya ce mahaifiyarsa ce, Ngunan. Afra'u ta russuna ta gaishe ta, tsohuwar ta amsa ba ta ɗago ba.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce ba kama shi ta zo yi ba, gwamnati ce ke neman taimakonsa. Ta tuna masa abin da ya faɗa a caji ofis, ta ce ta san ba jami'in filaye yake nufi ba. Tana magana fuskar Ortese na canzawa. Ya ce ya manta. Ya ce dukansa aka yi ranar, bai san abin da bakinsa ya faɗa ba. Ta matsa. Ya ce jami'in ne, kowa ma ya san jami'in ne. Ta ce jami'in bai fito daga mota ba sai da aka riga aka fara jan waya, akwai waɗanda suka gani. Gumi ya karyo masa, idonsa na ta kaiwa ƙofar gida yana dawowa.

"Ni ne," in ji tsohuwar.

Ortese ya yi mata magana da Tibanci, da sauri, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ture kwanon agushin gefe, ta dubi Afra'u.

"'Yata, mijina yana cikin wayan can. Na binne shi, na gudu, na dawo, tarakta ya bi kanshi. Na je na roƙi maigadi in shiga in gyara, ya ce oga ya hana. Na kwana ban yi barci ba. Da safe na je na ce wa yarana, ku cire." Ta ɗaga yatsa. "Waya na ce. Ban ce wuta ba."

Sauran Ortese ne ya ƙarasa, kansa a sunkuye. Suna cikin jan waya samarin wasu ƙauyuka suka ji labari suka kwararo, kowa da fushin da ya dawo da shi daga gudun hijira. Ba wanda ya san Muhyiddin ya shige ɗakin ajiya ya kulle kansa don tsoro. Da hayaƙi ya lafa aka sani.

Afra'u na riƙe da biro, ta kasa rubuta ko harafi. Ga abin da ta zo nema a hannunta, shari'a ta ƙare, ƙasa ta kuɓuta. Amma sai ta mayar da biron cikin jaka.

Ortese ya ce 'yan'uwan Muhyiddin maza ne da yawa. Sun zo ƙauyen nan bayan jana'iza, a kan babura, suna tambayar wanda ya fara. Aka ce musu gwamnati ce ta ba da umarni, ga ma bidiyo. Suka zagaya, suka tofa yawu, suka tafi. Wa zai ɗauki adda ya sari gwamnati? Jami'in filayen ma canjin wurin aiki kawai aka yi masa, yana can wani gari da sabon ofis.

"Barista," ya ce, "in sunan mamana ya fita, ba shi kaɗai za a kashe ba. Mu ma ba za mu zauna ba. Kin ga bangon nan."

Ta ce masa kotun na da hanyar ɓoye sunan shaida, ana rufe ƙofa, ana sa wa mutum lamba a maimakon suna. Ya tambaye ta a ina za a fara rubuta sunan kafin ya isa Turai. Ta ce a ofishinsu. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. Ta juya ga tsohuwar ta roƙe ta ko za ta koma wajen dangi a tsallaken kogi na ɗan lokaci. Ngunan ta janyo kwanonta. Ta ce ta gudu sau ɗaya ta ga abin da aka yi wa mijinta a bayanta, ba ta ƙara gudu.

A motar komawa Afra'u ta zauna a takure, tana jin kamar kowa na karanta sunan a goshinta. Abin da ke ta dawo mata shi ne ɗakin taron jiya: sakatarori, masinja da tiren lemo, mai tafireta na rubuta "har mace". Da bakinta ta faɗa, da ƙarfi, sau biyu, don ta kunyata manyanta.

Ta wuce kai tsaye ofishin Darakta. Ya dube ta sau ɗaya ya ce ta rufe ƙofa.

"Kin samo?"

Ta gyaɗa kai.

"Kada ki faɗa mini." Ya ajiye jaridar. "Afra'u, ke kaɗai ce 'yar Lafia a ofishin nan? Uwata Bagwandariya ce. Ni kaina sai da na shiga sakandare malami ya zane ni a kan shi da ita."

Ta ja kujera ta zauna. Ya ce ranar farko da ya kalli kaset ɗin ya san fassarar ba daidai ba ce, bai kuma so ya san daidai ɗin ba. Ya ɗauki gawa a motarsa lokacin rikici, ba ya son ƙarawa. Ta ce to me ya sa ba a yi abin da ya kamata ba tun farko? A binciki mutuwar yaron nan da gaske, a gurfanar da wanda ya kunna wuta, a kira iyayensa a zauna da su, a tambayi waɗanda suka ba da fili da kaburbura a ciki. Ya ce ya rubuta, an ce masa a bi a hankali. Ta dube shi, ta rasa ko tausayinsa za ta ji ko ta tsine masa. Zaman lafiyar ƙauyuka da dama an jingine shi a kan kuskuren wani malami a Landan, saboda duk wanda aikinsa ne ya gyara ya zaɓi ya rufe kabad. Ita kuma ta zo ta ture jinginar.

Kwanakin da suka biyo baya Afra'u ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Aloysius na bugo waya daga Abuja safe da yamma, tana ce masa shaidar bai saki jiki ba tukuna. Ta je wajen mai tafireta ta ce a ba ta rahoton taron ta duba, matar ta ce ai tuni an raba kwafi. Ta ba Aloysius shawarar a ɗauko malamin harshe daga jami'a ya shaida wa kotu cewa "shi" a bakin Ortese ba ya tabbatar da namiji, a tsaya nan, tunda kamfanin ne ke da nauyin kawo hujja. Ya ce alƙalai ba yara ba ne, tambayar farko da za su yi ita ce, in ba jami'in ba, to wa?

Ran Juma'a ta tsaya sayen tumatur a kasuwa, mai tumatur ɗin ya miƙo mata leda yana cewa, "Barista, ashe maganar Kamfanin Rogo mace ce?" Ta ce wa ya gaya masa. Ya ce a tasha ya ji. Ta bar canjinta ta tafi. Daga ranar, ƙarar babur in ta wuce ɗaya sai gabanta ya yanke ya faɗi. A gidansu na unguwar Azuba ko mahaifiyarta na kiran ta, kunnenta na kan titi.

Ran Litinin Aloysius ya iso Lafia da kansa. A ofishin Darakta ya zaunar da ita, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san ta samo sunan, ya gani a idonta. Ya ce ita lauyar gwamnati ce, ƙasa take karewa, ba wani ƙauye ba. Diyyar da za a biya daga bakin marasa lafiya da 'yan makaranta za a cire ta, ko ba irin maganar da take yi ba ke nan kullum? Ya yi alkawarin shi da kansa zai riƙe sunan. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Tana neman abin cewa masinja ya leƙo, fuskarsa ba daɗi, ya ce wata dattijuwa na neman Barista Afra'u, ta ƙi jira.

Matar ta shigo bayansa. Gajera ce, da hijabi ruwan toka da ya koɗe, takalminta duk jar ƙasa. Ta gaishe da Darakta, ta gaishe da baƙo, sannan ta ce sunanta Batulu, daga Arikya, ita ce ta haifi Muhyiddin.

Afra'u ta kai ido taga. A bakin get, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, babura ne jere, samari a kai bibbiyu. Ba wanda ya sauka. Wasu ma ba su kashe inji ba.

Batulu ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafa. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba. Ta ce tun da aka binne ɗanta take haƙuri, ta bar wa Allah, tunda an ce gwamnati ce. Yanzu magana ta shiga Arikya cewa wata lauya ta gano mace ce ta ba da umarni, Batibiya, kuma lauyar ta je har ƙauyen. Yayyen Muhyiddin da ƙannensa ba su runtsa ba tun ranar. Yau da asuba ta same su suna zuba mai a babura. Ta tare ƙofa ta ce ba inda za su sai sun fara kai ta wajen lauyar ta ji da kunnenta.

"'Yata, an ce ke ba kya ƙarya. Wace ce?"

Aloysius na duban wannan yana duban waccan, bai fahimci ko kalma ba. Darakta ya runtse ido. Afra'u ta dubi fuskar matar, tana neman ƙiyayya, ba ta samu ba. Idon Batulu ba ya kanta sosai, yana ta zamewa zuwa taga, wajen baburan.

Afra'u ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabanta.

"Iya, ni na faɗi maganar nan a taro. Kuma ban bincika ba na faɗa, rawar kai ce da son a ce na iya. Na je na bincika. Ba wata mace. Mutumin gwamnati ne, yadda aka gaya muku tun farko."

Batulu ta kafe ta da ido, ta daɗe. Afra'u ta san ba ta yarda ba. Matar da ta yi rayuwarta a kasuwannin ƙasar nan ta san yadda Batibe ke magana. Can matar ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar.

"To taso ki faɗa musu da bakinki. Ki ɗaga murya yadda na baya zai ji."

Suka fita tare. Ma'aikata sun firfito baranda, masu shagon bakin titi sun tsaya. Rana ta take, amma Afra'u sanyi take ji. Ta tsaya a bakin get, gaban samarin, ta ga ƙotar adda ta leƙo daga buhun da ke ɗaure bayan wani babur. Ta maimaita abin da ta faɗa a ciki, da ƙarfi, ta kira kanta mai rawar kai a gaban masinja da mai tafireta da duk wanda ta taɓa yi wa gorin lalaci. Wani daga baya ya ce to me ya kai ta ƙauyen. Ta ce aikinta ne ta je ta tabbatar, ta je, ta tarar ita ce ta yi kuskure. Babban cikinsu, mai gemu, ya tambaye ta ko za ta rantse. Kafin ta buɗe baki Batulu ta ce ita ta riga ta ji, ta kuma gamsu, wanda bai gamsu da gamsuwar uwarsa ba ya faɗa mata a nan. Ta kama bayan babur ɗinsa ta hau.

Daga get ɗin ana hango mararraba. Hannu ɗaya hanyar Agyaragu ce, ɗayan kuma ita ke fita wajen Arikya. Afra'u ta riƙe ƙarfen get ɗin ta bi su da ido. Suka isa mararrabar suka tsaya cirko-cirko, kamar ana gardama. Ta ga hannun tsohuwar ya ɗaga ya bugi kafaɗar ɗanta. Babur na farko ya karya ya ɗauki hanyar gida, sauran suka bi. Ɗaya ya rage, ya daɗe yana kallon kudu, wajen Agyaragu, sannan shi ma ya juya.

Da ta koma ciki ta tarar Darakta ya gama fassara wa Aloysius. Mutumin na tsaye yana zuba takardu a jaka. Ya tambaye ta ko ta san abin da ta yi. Lauyar gwamnati ta tsaya a bakin titi ta shaida cewa gwamnati ce ta ba da umarni, kafin gobe lauyoyin kamfanin sun ji. Ya ce ba wai tafiya Turai ba, ta yi sa'a in ba a kai ta gaban kwamitin ladabtarwa ba. Ya ƙara tambayar ta sunan, sau ɗaya, a hankali. Ta ce ba ta da shi. Ya ɗauki kaset ɗin ya fita bai yi sallama ba.

Ba a kore ta ba. An mayar da ita kan shari'un shago da kuɗin haya, kuma a taro ba ta ƙara miƙewa sai an kira ta. Shari'ar Turai ta ci gaba ba tare da ita ba, ba wanda ke gaya mata inda aka kwana. Abin da ya sauya shi ne hanyarta ta zuwa aiki. Kullum da safe sai ta biya ta tasha, ta tsaya a gefe har motar farko ta iso daga Agyaragu, ta duba kayan da ke kanta. In buhunan doya ne da gawayi, ta wuce. Ran da ta hango katifa da tukwane ɗaure a saman wata mota, irin kayan masu gudun hijira, sai da ta bi ta da gudu har ta tsaya, ta kama ƙofar direba tana tambayar ko lafiya can. Ya ce lafiya lau, amarya ce ke tarewa. Ta saki ƙofar, ta samu bencin mai shayi ta zauna, tana bin motar da ido.